Yaro Ya Shiga Aji A Ingila, Kada Iyaye Su Tsaya A Bakin Ƙofa



A farkon watan Satumba makarantun Ingila suke komawa daga dogon hutu. A irin wannan safiya, cikin yaran da ke tsaye a bakin ƙofar makarantu a Landan da Manchesta da Birmingham da Leeds, akwai waɗanda watanni kaɗan da suka wuce suna aji a Kano ko Kaduna ko Jos. An saya musu sabon yunifom da baƙin takalmi da rigar sanyi mai nauyi. Uwa ta riƙo hannun ƙaramin, uba yana duba agogo don kada motar zuwa aiki ta wuce shi. A kan waɗannan yara da iyayensu zan yi magana yau, kuma maganar ta shafi wanda ya riga ya tafi, da wanda ke haɗa takardu, da kakar da ke zaune a gida tana jiran waya.

Ba mutane kaɗan ba ne. Ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales a 2021 ta sami mutum kimanin dubu 270 waɗanda aka haifa a Najeriya. A 2022 kaɗai, an ba mata da maza da 'ya'yan ɗaliban Najeriya sama da dubu 60 bizar rakiya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a wannan shekarar. Daga baya gwamnatin Birtaniya ta rage faɗin ƙofar. Tun daga Janairun 2024 yawancin masu zuwa digiri na biyu ba su da damar tafiya da iyali, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. A Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi su ma. Amma waɗanda suka shiga sun riga sun shiga, kuma likitoci da nas-nas suna ci gaba da tafiya da iyalansu. A cikinsu akwai 'yan'uwanmu masu jin Hausa, Musulmi da Kirista.

Abu na farko da ke ba baƙo mamaki shi ne neman gurbi. A gida mun saba uba ya je ofishin hedimasta, a gaisa, a tambayi iyali, ya biya kuɗi, gobe yaro ya shiga aji. A Ingila makarantar gwamnati kyauta ce, har ga 'ya'yan baƙin da ke zaune a ƙasar, amma ƙaramar hukuma ce ke tsara rabon gurbi, kuma adireshin gidanka yana cikin manyan abubuwan da ake dubawa. Sai ka kama haya, ka nuna takardar da ke tabbatar da inda kake kwana, sannan a fara magana. Masu neman firamare suna miƙa takarda kafin 15 ga Janairu, masu neman sakandare kafin 31 ga Oktoba, duk don shiga a Satumbar da ke tafe. Wanda ya sauka a tsakiyar shekara sai dai ya karɓi abin da ya rage. Ajin ƙananan yara doka ta ƙayyade shi ga ɗalibi 30 a hannun malami guda, don haka idan makarantar da ke bayan gidanka ta cika, ta cika. Yaro yana iya zaman makonni a gida kafin a samo masa wuri, kuma wa da ƙani suna iya faɗawa makarantu biyu masu nisa da juna, ga uwa ɗaya da za ta kai su a lokaci guda. Abin da ya kamata mutum ya riƙe shi ne, nemo wa yaro gurbi nauyi ne da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma, kuma iyaye suna da damar ɗaukaka ƙara idan an hana su makarantar da suka zaɓa. Don haka nake ba mai shirin tafiya shawara ya binciki makarantun unguwa kafin ya sa hannu a takardar haya. Gida mai araha da babu gurbin makaranta kusa da shi tsada zai yi masa daga baya.

Sai batun aji. Mu a nan yaro mai ƙoƙari ana tsallakar da shi aji, wanda ya gaza ana maimaita masa. Can kuwa ranar haihuwa ce ke yanke hukunci. Duk yaran da aka haifa tsakanin 1 ga Satumba da 31 ga Agusta mai zuwa aji ɗaya suke, tun daga ajin share fage da ake shiga da shekara huɗu, har aji na goma sha ɗaya da ake kammalawa da shekara goma sha shida. Uban da 'yarsa mai shekara goma ta riga ta shiga ƙaramar sakandare a gida zai ga an mayar da ita firamare, ransa ya ɓaci, ya ɗauka raini ne. Ba raini ba ne, haka ake yi wa ɗan kowa. Inda nake jin tsoro shi ne ɓangaren manya. Jarrabawar GCSE, wadda ita ce takwarar jarrabawar kammala sakandare a wurinmu, ana shirya mata ne cikin shekara biyu, aji na goma da na goma sha ɗaya, a rubuta ta a watannin Mayu da Yuni. Yaron da aka kai yana da shekara goma sha biyar zai faɗa tsakiyar wannan shiri, da littattafan adabin da bai taɓa gani ba, da tarihin da ba nasa ba, abokan ajinsa sun riga shi da shekara guda. Idan ya dawo da sakamako mai rauni, kada a ce masa ya lalace. An ɗora masa kayan da ya fi wuyansa ne, kuma waɗanda suka zaɓi ranar tafiyar su ya kamata su tsaya masa.

Yanzu mu shiga aji tare da yaron. Ya iya Turanci, a ganinsa da ganin iyayensa, don da shi aka koyar da shi a gida. Malama ta buɗe baki, sai ya ji kamar wani harshe dabam, saboda sauri da karin maganar mutanen Manchesta ko Leeds. Shi kuma idan ya yi magana, a ce ya maimaita. Ya maimaita, wani ya yi dariya a baya. Daga nan sai ya kama bakinsa. Masana koyon harshe sun san wannan shiru, yana iya ɗaukar makonni ko watanni, kuma a cikinsa yaron yana sauraro ne yana tarawa. Makarantun ma sun saba da shi, domin kusan ɗaya cikin kowane ɗalibi biyar a makarantun gwamnatin Ingila ba Turanci ne harshensa na farko ba. Wani masani mai suna Jim Cummins, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Toronto a Kanada, ya nuna cewa yaro baƙo yakan iya Turancin hira da wasa cikin shekara biyu, amma Turancin karatu, na rubuta bayani da fahimtar tambayar jarrabawa, yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kamo sa'o'insa. A nan iyaye da yawa suke ruɗuwa. Sun ji yaro yana zuba magana ta hanci kamar ɗan gari, sai su ɗauka an gama, su daina duba littafinsa.

Akwai kuma abin da mu muka koya masa da hannunmu, wanda can ake yi masa wata fassara. Mun ce masa idan babba yana magana ka sunkuyar da kai, kada ka kalli idonsa, kada ka mayar da magana. Wannan ladabi ne, kuma ina alfahari da shi. Amma malamar Ingila idan tana yi wa yaro magana ya ƙi kallonta, abin da za ta fahimta shi ne bai saurare ta ba, ko yana ɓoye wani abu, ko yana cikin damuwa. Tana son ya ɗaga hannu, ya yi tambaya, ya ce bai gane ba, har ya ce bai yarda da ra'ayin da ke cikin littafi ba ya kawo dalilinsa, kuma a kan haka take auna shi. Wa zai bayyana wa malama cewa sunkuyar da kan nan girmamawa ce? Wa zai gaya wa yaron cewa a aji ya ɗaga ido ya yi magana, idan ya dawo gida ya durƙusa ya gaishe da mahaifinsa kamar yadda ya saba, kuma duka biyun daidai ne a muhallinsu? Yaro ɗan shekara bakwai ba zai iya warware wannan shi kaɗai ba. Aikin uwa da uba ne, kuma ba za su iya ba sai sun taka ƙafa sun shiga makarantar.

Wannan shi ne jigon maganata, jama'a. Da yawa daga cikinmu mun tashi a kan cewa idan ka kai yaro wurin malam ka gama naka, sauran na malam ne. Makarantar Ingila ba ta ɗauki abin haka ba. Tana aiko da saƙon imel kusan kowane mako. Tana ba ƙaramin yaro littafin karatu ya zo da shi gida, tare da ɗan kundin da iyaye za su sa hannu cewa sun saurare shi yana karantawa. Tana kiran taron iyaye da yamma, inda za ka zauna da malamar ɗanka na 'yan mintuna ta gaya maka inda yake. Ba za ta ce maka ya zo na ɗaya ko na goma ba, domin a firamare ba a saba jera yara haka ba. Za ta ce ya kai matakin da ake so, ko yana kan hanya, ko ya wuce. Turawan Ingila kuma suna da tausasa magana ƙwarai. Idan ta ce yaron zai amfana da ƙarin karatu a gida, to ka buɗe kunne, tana gaya maka ne akwai matsala. Uban da bai zuwa irin wannan taro, yana cewa aiki ya yi yawa, a idon makaranta ya zama uban da bai damu ba, ko da kuwa saboda yaran ne yake kwana tsaye a asibiti.

Fashin makaranta ma ba wasa. Tun daga Agustan 2024, idan aka ɗauke yaro kwana biyar ba da izini ba, ana iya cin kowane ɗaya daga cikin iyayen tarar fam 80 a kan kowane yaro, ta koma fam 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba. Mai shirin kwasar yara zuwa bikin ƙanwarsa a gida a tsakiyar zango ya yi lissafi. Ranar Sallah kuwa doka ta yarda yaro ya yi hutunta, abin da ake so kawai a sanar da makaranta tun da wuri.

Sai maganar da ba a son yi, ta duka. An hana bulala a makarantun gwamnatin Birtaniya tun 1987. Sikotland ta haramta wa iyaye ma dukan 'ya'yansu a 2020, Wales ta bi sahu a 2022. A Ingila har yanzu doka ta bar wata 'yar kafa ta horo mai sauƙi, amma dukan da ya bar shata ko kumburi yana iya zama laifin da za a gurfanar da mutum a kansa. Malamin da ya ga tabo a jikin yaro, ko ya ji yaro ya ce an zane shi da waya, wajibi ne a kansa ya kai rahoto, daga nan ma'aikatan kula da walwalar yara su ƙwanƙwasa ƙofa. Mutanenmu da yawa suna ganin wannan a matsayin makircin raba su da 'ya'yansu. Ya kamata su san tarihin abin. A Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara takwas mai suna Victoria Climbié, wadda iyayenta a Kwaddibuwa suka ba wata 'yar'uwarsu riƙonta don ta samu ilimi a Turai, ta rasu a Landan saboda azabar da mariƙiyar da saurayinta suka gana mata. Asibitoci sun gan ta, 'yan sanda da ma'aikatan walwala sun san da ita, ba wanda ya cece ta. Binciken da Lord Laming ya jagoranta a kan mutuwarta shi ya haifar da dokar yara ta 2004, kuma tun daga nan aka ɗaure kowane malami da nas da alhakin sa ido. Yarinyar Afirka ce aka yi sakaci da ita har ta mutu. Ko riƙo da muka saba da shi yana da ƙa'ida a can: idan yaron da bai kai shekara goma sha shida ba zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba kakansa ko kawunsa ko gwaggonsa ko yayansa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma. Ni a nawa ganin, uban da ba shi da wata hanyar tarbiyya sai bulala, tun a gida ma yana da gyara. Tafiya Ingila ta tilasta masa yin gyaran ne da wuri.

Kada kuma a ɗauka ina ganin laifin iyayen ne kawai. Ku dubi ranarsu. Makaranta tana tashi wajen ƙarfe uku da 'yan mintuna, kuma ƙaramin yaro ba a sakinsa sai an ga babban da ya zo ɗaukarsa. Uwa ta sauko daga aikin dare da safe, ta kai yara, ta kwanta awa huɗu, ta tashi ta je ɗauko su. Babu ƙanwa, babu 'yar aiki, babu maƙwabciyar da za a ce ta sa ido. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida yana iya jawo tuhuma. Yawancin bizar aiki da ta karatu suna ɗauke da sharaɗin cewa mai ita ba zai ci tallafin gwamnati ba, ga haya, ga kuɗin wuta da gas na ɗumama ɗaki, ga 'yan'uwa a gida suna lissafin fam da naira. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a Landan, yaro ya fita da duhu-duhu ya dawo magariba ta kawo jiki. Saboda ƙarancin rana ne hukumar lafiya ta NHS take ba masu baƙar fata shawarar shan ƙwayar bitamin D duk tsawon shekara. Akwai ɗan sauƙi a wajen abinci, domin tun 2014 yaran ajin share fage da aji ɗaya da aji biyu suna cin na rana kyauta a makarantun gwamnati, a Landan kuma magajin gari Sadiq Khan ya faɗaɗa shi ga dukkan 'yan firamare daga Satumbar 2023. Mai son a kiyaye wa ɗansa halal sai ya rubuta a takardar shiga, ya kuma tambaya da bakinsa.

A cikin wannan gajiya ne ake yin asarar da ba a gani sai ta yi nisa. Iyaye sun ga yaro yana fama da Turanci, sai su yanke shawarar daina yi masa Hausa a gida don su taimake shi. Wannan kuskure ne babba. Turanci zai same shi ko sun so ko ba su so ba, a aji, a filin wasa, a talabijin, a waya, awa goma a yini. Hausa kuwa ba ta da kowa a garin sai su biyu. Malaman makarantun da kansu sukan roƙi iyaye su riƙe harshen gida, don bincike ya nuna yaron da ya kafu a harshensa ya fi saurin kama na biyu. Cikin shekara biyu za ka ga uwa tana magana da Hausa yaro yana amsawa da Turanci. Bayan wasu shekaru a miƙa masa waya ya gaishe da kakarsa, ya ce ina kwana, lafiya lau, shi ke nan, magana ta ƙare, tsohuwa tana ta kiran sunansa. Ranar da ya kai shekara goma sha huɗu, abin duniya ya dame shi, da wane harshe uwarsa za ta lallashe shi? Turancinta na wurin aiki ne. Nasiha da barkwanci da addu'a da rarrashi duk da Hausa ta iya su.

A nan ma sai mun taɓa wata al'ada tamu mai kyau, wato kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, uba ba ya jansa a jiki. A gida wannan bai cutar da yaron ba, domin akwai kaka da ke shagwaɓa shi, akwai gwaggo da inna da kawu, akwai abokan wasa, kowa yana ba shi abin da iyaye suka ji nauyin bayarwa. A gida mai ɗaki biyu a Birmingham duk waɗannan babu su. Ɗan farin nan shi ne ya fi kowa shan wuyar ƙaura, shi ya bar abokai, shi ake aike, shi ke rainon ƙanne, wani lokaci shi ke karanta wa iyaye wasiƙar hukuma. Yana ganin iyayen abokansa suna rungumarsu a bakin ƙofar makaranta suna tambayarsu yadda aka yini. Idan nasa suka ci gaba da kawaici kamar suna tsakar gidan gandu, zai fassara shi da rashin so. Dole uwa ta zama uwa ta kuma zama kaka, uba ya zama uba ya kuma zama kawu. Su tambaye shi wa ya zauna kusa da shi a aji, da wa ya ci abinci, ko akwai mai tsokanarsa saboda launinsa ko sunansa ko ɗankwalinta. Idan akwai, kowace makarantar gwamnati tana da rubutacciyar ƙa'ida a kan cin zali, a je a yi magana, kada a ce wa yaro ya yi haƙuri kawai.

Batun addini ma haka yake, yana hannun mai shi. Doka ta ba iyaye damar cire ɗansu daga darasin addini da taron ibadar safe idan sun ga dama, haka kuma darasin jima'i a sakandare har zuwa dab da cikarsa shekara goma sha shida. Darasin zamantakewa da dangantaka kuwa wajibi ne tun Satumbar 2020, amma iyaye suna da damar neman a nuna musu abin da ake koyarwa. Wanda ya gani da idonsa ya san abin da zai tattauna da ɗansa a gida. Masallatai suna da karatun yamma da na ƙarshen mako, coci-coci suna da nasu, wasu iyalan kuma malamin gida ne ke biya wa yaran karatu ta WhatsApp. Lokaci ma ya taimaka, don daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Ingila da na Najeriya da Nijar ɗaya ne, a hunturu kuma awa guda ce tsakani.

Ku kuma da kuke gida, kakanni da gwaggwanni da kawunnai, kuna da rabo a wannan aiki. Idan an kira waya, kada maganar ta tsaya a kan saƙon kuɗi. Ku ce a ba ku yaran. Ku yi musu tatsuniya, ku tsokane su irin ta jika da kaka, ku gaya musu sunayen danginsu. Idan Hausarsu ta karkace kada ku yi musu dariya, don dariya ɗaya tana iya rufe bakin yaro shekara guda. Ku gyara musu a hankali, ku sa musu albarka.

Iyayen da ke can, na san kun gaji, Allah ya dafa muku. Amma ina roƙonku, a makon nan ku buɗe saƙon makarantar ku karanta shi har ƙarshe, ku san sunan malamar ɗanku, ku je taron iyaye ko da za a sauya muku duti, kuma idan an zauna cin abincin dare a yi hira da Hausa.